Tashar Laleli: inda na daina ba masu tasi ribata

Zuwana na farko Istanbul sarin kaya, kuɗin tasi ne ya cinye mini riba. A zuwa na biyu wata Hajiya da muka sauka otal ɗaya ta ja hannuna zuwa tashar Laleli, tana cewa, "Ke ƙanwata, kuɗi ne suka yi miki yawa?"

Tashar tana tsakiyar titin Ordu, a kan layin T1 da ya taso daga Kabataş zuwa Bağcılar. Jirgin ƙasa ne ɗan ƙarami mai aiki da lantarki, yana bin tsakiyar titi, motoci na wucewa ta gefensa. Katin Istanbulkart za ki saya, ki zuba masa kuɗi a na'urar da ke bakin tasha, ki ɗora a ƙofa ta buɗe. Ranar farko na yi ta juya katin kamar mai neman sa'a, sai da wani ɗalibi ya nuna mini.

Abin da ya fi burge ni, dandamalin daidai yake da ƙofar jirgin. Duk wadda ta taɓa jan akwati biyu cike da abaya da kayan yara ta san darajar wannan. Babu hawan bene, babu ɗaga kaya, ja kawai za ki yi. Kuma ba a daɗewa ana jira. Kafin ki gama gyara mayafi wani ya iso.

Daga nan tasha ɗaya ce zuwa Beyazıt, bakin babbar kasuwar Kapalıçarşı, ta uku kuma Sultanahmet. Idan kika wuce Eminönü, jirgin zai haye gadar Galata, ki ga masu kamun kifi jere da ƙugiyoyinsu. Masallacin Laleli, wanda Sarki Mustafa na Uku ya gina, yana nan kusa. Can nake sallar Azahar idan ciniki ya riƙe ni.

Sai dai cunkoso. Da yamma ɗaliban jami'a da 'yan yawon buɗe ido da mu 'yan kasuwa duk a kansa muke haɗuwa. Na taɓa barin jirgi uku suka wuce saboda babu inda zan cusa akwati. Yanzu da hantsi nake kwasar kayana, jakar kuɗi kuwa a gaba nake rataye ta, ƙarƙashin hijabi.