Wace hoda za ka saya don fitar da haidirojin da hasken rana?

Mai shirin bincike kan raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin ta amfani da haske zai fi cin karo da hodoji uku: TiO2 (haɗin taitaniyam da oksijin), CdS (haɗin kadmiyam da salfa) da g-C3N4 (haɗin kabon da naitirojin). Kafin ka zura hannu a aljihu, duba yadda kowace za ta karɓi gurbin da za ka yi mata da gangan, wato zare wasu ƙwayoyin oksijin, salfa ko naitirojin daga jikinta domin ta ƙara kama hasken da ido ke gani.

TiO2 ce tsohuwar hannu, tun aikin Fujishima da Honda a 1972. Wadda aka fi saye ita ce P25, fara fat, ba ta lalacewa cikin ruwa, kuma sakamakonka zai kwatantu da na kowa. Illarta tazarar makamashinta, wato ƙarfin da haske ke bukata kafin ya motsa ilektiron ɗinta, ta kai 3.2 eV (ma'aunin wannan ƙarfi), don haka hasken UV wanda ido ba ya gani kawai take sha, shi kuwa bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. A 2011 Chen da Mao suka gasa TiO2 cikin iskar haidirojin mai matsi har ta koma baƙa wuluk. Wannan hanya tana bukatar tukunyar matsi da taka tsantsan sosai. Ƙaramin ɗakin gwaji gara ya niƙa hodar da sinadarin NaBH4 mai zare oksijin ya gasa. Kada launi ya ruɗe ka. Gurbi kaɗan a saman ƙwaya yana taimako, amma idan ya yi yawa can ciki sai ya zama tarkon da ilektiron ke faɗawa, hoda ta yi baƙi, haidirojin ya ragu.

CdS ruwan ɗorawa ce, tazararta 2.4 eV, tana aiki ƙwarai. Sai dai hasken da kansa yana cinye ta, kuma kadmiyam guba ne. In ba ka da tsarin zubar da dagwalonsa, bar ta.

Ni dai g-C3N4 nake ba masu farawa shawara. Tazararta 2.7 eV, ta yi fice tun 2009, kuma ba sai ka saye ta ba: ka zuba yuriya ko melamin a kaskon gwaji mai murfi, ka gasa a kusan digiri 550, ka buɗe ka tarar da hoda rawaya. Melamin ya fi auki, yuriya kuwa kaɗan take bari a gindin kasko amma hodarta ta fi laushi da faɗin fuska. Sayi yuriyar ɗakin gwaji, takin gona yana zuwa da gauraye.

Kuɗin da ya rage ka kai shi wajen awo: fitilar zenon mai wat 300, matatar da ke tare hasken da tsawon zangonsa ke ƙasa da nanomita 420 (UV na cikinsa), ɗan gishirin filatinam mai taimaka wa hoda fitar da haidirojin, da na'urar GC mai auna iskar da ta fito. Idan babu matatar nan, ba ka da hujjar cewa hasken da ido ke gani ne ya yi aikin.