Wata biyar ke nan da na raba waifai ɗin gidan abincina gida uku

Gidan abinci nake da shi a hanyar Bauchi, ba nisa da Jami'ar Jos, don haka yawancin masu shigo mini ɗalibai ne. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 cinikinmu ya koma na kati da tiransifa. Sabis ɗin layi ba ya kamawa sosai a cikin ginin, sai muka ɗora na'urar POS a kan waifai. Waifai ɗin kuma ɗaya ne tal: ni, yarana, kwamfutar lissafi, firinta, da duk wanda ya sayi ko kwalbar lemo. Kalmar sirrin ma a bango muka manna ta.

Da rana idan wuri ya cika, kowa na kallon bidiyo, sai POS ta tsaya tana juyi, mai kati yana tsaye, layi na taruwa a bayansa. Wannan na daɗe ina haƙuri da shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da firintar ofis ta fara fitar da takardun karatun wani ɗalibi da ke zaune a waje. Kuskure ya yi, ya kuma ba da haƙuri. Amma wayar da ta ga firinta ai tana ganin kwamfutar da albashin yarana ke ciki.

Mai gyaran farko da na kira don ya raba waifai ɗin, sunayen waifai uku kawai ya buɗe mini a tsohuwar rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ya karɓi kuɗinsa. 'Yar ƙanwata da ke karanta kwamfuta ta hau na baƙi da wayarta, ta ce, "Inna, ga firintarki nan har yanzu." Ashe ƙofa uku aka yi wa ɗaki ɗaya.

Na biyun ne ya kawo rauta ER605 da na'urar EAP225 mai watsa waifai ta manna wa a silin, duka na TP-Link Omada. Kebul ɗaya ke kai wa ta silin wuta da intanet. Ya ba kowane suna nasa VLAN, wato hanyarsa daban da lambarta, 10 na ma'aikata, 20 na kuɗi, 30 na baƙi, sannan ya sa doka a rauta cewa ba mai tsallakawa. Baƙo intanet kawai yake samu, ko wayar wanda ke kusa da shi ba ya gani, kuma an tsayar wa kowane baƙo gudun intanet na megabit 3. A na kuɗi babu komai sai POS biyu, ni kaɗai na san kalmar sirrinsa. Na so ya ƙara na huɗu don kyamarori, ya ce, "Hajiya, mu ja musu waya, yawan sunaye yana rage ƙarfin waifai." Kafin ya tafi na sa ya gwada a gabana, da wayata, daga na baƙi: firinta ba ta fito ba, shafin saitin rauta ma bai buɗe ba.

Tun daga nan cunkoson rana bai sake tsayar mana da POS ba. Ranar da sabis ɗin kamfani ya faɗi kuwa kowa yana faɗuwa tare, wannan na'ura ba ta da maganinsa. Saitin kuma ba aikin da zan iya da kaina ba ne, sai da wanda ya san harkar. Na ɗora na'urorin biyu a inbata saboda idan an ɗauke wuta sukan ɗan ɗauki lokaci kafin su dawo.

Inda nake fama yanzu shi ne yarana, masu ba abokansu kalmar sirrin ma'aikata don ya fi gudu. Sau biyu na canza ta, kuma duk wanda ya bar aiki, a ranar nake sake ta.