Wata Biyar da PS4 ta Hannu: Ga Yadda Muka Kwashe

Tun farkon hunturu nake da PS4, wato na'urar gem ta PlayStation 4, a falo, ta hannu, irin siririyar nan da Sony ta fitar a 2016 wadda ake ce wa Slim. Abokaina biyu sun dame ni da tambaya, su ma su saya ne ko su daure su tara kuɗin PS5? Shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Ni dai ɗan PES ne tun asali, wato gem ɗin ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami. A bayan layinmu a Gwammaja akwai wani shagon gem mai talabijin uku da benci biyu, nan kuɗin tararmu ya ƙare. Naira 20 wasa ɗaya, wanda aka ci ya ajiye hannu, wato abin sarrafa gem ɗin, ya koma layi. Zamanin PES 6 ke nan, wajen 2006, lokacin da ake kusan dambe a kan wa zai ɗauki Inter saboda Adriano, don in ya saki ƙafar hagun nan daga wajen sha takwas, gola sai dai ya bi ta da kallo. Ba mu damu da cewa a gem ɗin Chelsea sunanta London FC ba, Liverpool kuma Merseyside Red. Ina cikin hidimar aure da neman na cefane ashe duniyar ta juya. Konami ta mayar da PES ta koma eFootball a 2021, EA mai yin gem ɗin FIFA kuma ta rabu da wannan sunan a 2023 ta koma FC. A Kano dai har gobe FIFA muke cewa, ko mai shagon da na saya a wurinsa a Sabon Gari cewa ya yi, "Alhaji, na sa maka FIFA 24 a ciki."

Injin kansa ba ni da ƙorafi a kansa, sai abu ɗaya, kuma laifin garinmu ne. Ƙura. Wata biyun farko shiru kake ji. Da bazara ta fara leƙowa sai fankar ciki ta soma ƙugi, kai ka ce jirgi ne zai tashi daga filin Malam Aminu Kano, har uwargida ta leƙo daga kicin tana tambaya ko wani abu ne ke ƙonewa. Na kai wa mai gyara, ya kwance murfin a gabana. Wallahi abin da ya fito daga tsakanin haƙoran fankar nan kamar audugar tsohuwar katifa, jajir da ita, dunƙule-dunƙule. Ya bi da buroshi, ya hure, ya goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar injin ya shafa sabo, ya ce in daina cusa ta cikin durowar talabijin inda iska ba ta shiga. Tun ranar sautin ya kwanta. Yanzu a sarari take, in an gama kuma in lulluɓe ta da tsohon kallabi.

Wuta ba ta ci sosai, ƙaramin janareta yana ɗaukarta da talabijin da fanka. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a 2023, tayar da janareta don buga ƙwallon ƙarya abu ne da sai mutum ya yi shawara da aljihunsa. In kuma aka ɗauke wuta kana tsakiyar wasa, da ta dawo sai injin ya tsaya yana duba ma'ajiyarsa, ya kuma yi maka faɗan ba ka kashe shi yadda ya dace ba. Sau ɗaya na rasa wasanni huɗu da ban adana ba.

Hannu biyu aka haɗo min. Ɗaya na asali ne, ɗayan kuwa mai shagon bai ɓoye min ba, ya ce ba na kamfani ba ne. Kafin wata uku sandar hagunsa ta fara tafiya da kanta, ɗan wasa yana tsaye sai ka ga ya nufi layin jifa ba wanda ya aike shi. Wanda zai saya ya ƙara kuɗi ya karɓi na asali guda biyu. Shi ma na asalin batirinsa ba ya jimawa, ka tanadi doguwar wayar caji.

To, ƙwallon fa? Ranar farko na ji kunya. A PES madanni mai kusurwa huɗu, wanda muke ce wa bokis, shi ne shot, zagayen kuma kuros. A FIFA 24 ɗin nan an juya su. Ina shiga gaban raga ni da gola, sai in ɗaga ƙwallo sama in aika wa 'yan kallo. Sai da ƙanena ya gama dariyarsa sannan ya shiga saiti ya mayar min da tsarin da ake kira Alternate, shot ya dawo bokis, gudu ya dawo madannin R1. Duk tsohon ɗan PES ya fara da wannan kafin ya zubar da girmansa a gaban yara.

Ta fuskar kyau, ba a magana. Kulob da sunansa na gaskiya, riga ta gaskiya, fuskar Haaland da ke jikin kwalin kamar ka kira shi ya amsa. In ka zaɓi gasar zakarun Turai har taken nan ake sakawa, tsigar jikinka ta tashi kamar kana gidan kallo daren Laraba. Akwai lig ɗin Saudiyya, ga Ronaldo a Al Nassr. Na PS4 ba shi da sabuwar fasahar motsin 'yan wasa da aka sa wa na PS5, amma a talabijin ɗina mai inci 32 ban ga abin da na rasa ba.

Abin da ban so ba shi ne yadda gudu ya fi dabara tasiri. A tsohuwar PES ƙwallo tana da nauyi, sai ka gina hari, fas biyar, shida, kana lallaɓawa. Nan kuwa yaro zai ɗauki PSG, ya zura wa Mbappé doguwa ta bayan 'yan baya, ya danne gudu, shi ke nan. Ƙanena ya yi min 6 da 1 da wannan dabarar guda ɗaya tak, yana ci yana cewa, "Yaya, haƙuri za ka yi, zamani ne." Daga ranar na kafa doka a gidana: ba a ɗaukar PSG. Ya koma Real Madrid ya ci gaba da Vinícius daga inda ya tsaya.

Lig ɗinmu na gida babu shi, wannan kuwa yana ci min rai. Kano Pillars, kulob ɗin da ya ɗauki kofin lig ɗin Najeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, wanda Ahmed Musa ya taka wa leda, a ce ba ka da ikon fito da shi ko a gem. Sai na shiga ɓangaren koci, inda ake ba ka damar ƙirƙirar kulob, na raɗa masa suna Pillars, na jefa shi rukuni na huɗu a Ingila. Yanzu muna rukuni na biyu. Can nake samun natsuwa bayan Isha'i, ina sayen yara masu arha ina rainonsu, kamar yadda muke yi da su Castolo, 'yan wasan ƙirƙira da ake farawa da su a Master League, ɓangaren koci na PES. Da na ci wasa ni kaɗai a falo nake cewa sai masu gida.

Wasa ta intanet kuwa na gwada wata ɗaya na haƙura. Sai ka biya kuɗin PlayStation Plus, rajistar Sony ta wasa ta intanet, yawancinmu kuma da asusun Amurka ko Ingila muke amfani, ka ga sai an sayi kati da kuɗin waje. Ga sabuntawa da ke lashe data kamar wuta a karmami. In sabis ya yi rauni, ka danna fas yanzu, ɗan wasan ya bayar bayan an riga an ƙwace. Ultimate Team da ake ta zuzutawa, inda ake haɗa kulob da katunan 'yan wasa, ban ga kaina a ciki ba, harkar buɗe kati ko a dace ko a rasa ba ta kwanta min ba.

Sauran wasannin a taƙaice: God of War na 2018 ya burge ni ƙwarai, labarin uba da ɗansa ne, sai dai mai raunin Turanci zai rasa rabin daɗin. GTA V kuwa ba na kunna shi in yara na falo, iyaye a kula.

Amsata ga abokaina ita ce, in ƙwallo za ku buga da mutane a zaune kusa da ku, PS4 ta isa, ragowar kuɗin a sayi buhun shinkafa. In kuwa sababbin wasanni kuke hari, ku sani injin 2013 ne, da yawa daga cikin na yanzu ba sa fitowa a kansa.

Wani abin da mai shago ba zai gaya muku ba shi ne rikicin talabijin. Ranar da ake saka fim mai dogon zangon da uwargida ke bi, ko wasan ƙarshe nake sai in ajiye hannu. Mun yi sulhu, ƙarfe takwas zuwa tara nata ne. Daren Juma'a kuma nawa ne, abokai huɗu ko biyar, shayi a kan gawayi, wanda aka ci ya tashi. Mai baƙi shi ke riƙe hannun nan mai tafiya da kansa, wai don karamci. Juma'ar da ta wuce ƙanena ya karɓe shi da kansa, ya ba ni mai kyan, ya kuma yi min 3 da nema.