Litiyam na ciwon baifola: ra'ayina a matsayin mai shan sa

Masu tambaya ko litiyam yana aiki ga baifola, ciwon nan mai jefa mutum tsakanin tashin kai da matsananciyar damuwa, eh yana yi, amma ba irin aikin da ake tsammani ba. Ba maganin barci ba ne, ba ya sa maye, kuma ba wai ka sha yau gobe ka ji ka dawo daidai ba ne, sai ya ɗau sati ɗaya zuwa biyu ko fiye kafin tashin kan nan na maniya, wato lokacin da kuzari da gudun tunani suke wuce kima, ya fara lafawa.

Ƙwayar nan fa wani nau'in gishiri ce kawai, litiyam kabonet. Wani likita a Ostareliya, John Cade, shi ya wallafa amfaninta ga masu maniya a 1949, Amurka kuma ba ta amince da ita ba sai 1970. Can cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa take aikinta. Litiyam girmansa ya yi kusa da na maginiziyam, to akwai wasu inzayim, wato sinadaran da ke tafiyar da ayyuka a jiki, da sai da maginiziyam suke motsi, sai ya je ya zauna musu a gurbinsa ya rage musu ƙarfi. Ɗaya daga ciki shi ne mai sabunta inositol, sinadarin da ƙwayar ƙwaƙwalwa take amfani da shi wajen kai saƙo daga jikin fatarta zuwa ciki. Bayanin da Michael Berridge da abokan aikinsa suka kawo a 1989 shi ne in inositol ya ragu, ƙwayoyin da suka zaƙe da aika saƙo su suka fi ji a jikinsu tunda su ne masu cinye shi da yawa, masu tafiya daidai kuwa ba ya taɓa su sosai, kuma gaskiya wannan ya yi daidai da abin da na ji, ban zama dolo ba, gudun tunanin ne kawai ya ragu. Inzayim na biyu shi ne GSK-3, a 1996 aka gano litiyam yana danne shi, shi kuma yana da hannu a agogon jiki na barci da farkawa. Barcina kam ya daidaita.

Matsalarsa kuma daga ƙoda take. Ƙoda tana ɗaukar sa tamkar sodiyam, in jiki ya rasa ruwa ko gishiri, misali gudawa ko amai ko zufa mai yawa, sai ta riƙe sodiyam ta haɗa da litiyam ta riƙe, ya taru a jini. Ga shi tazarar ƙanƙanuwa ce, ana so ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.2 a ma'aunin jini, da ya haura 1.5 an fara shiga guba. Shi ya sa gwajin jini ba ya ƙarewa, awa 12 bayan shan na ƙarshe ake ɗiba, a duba ƙoda a duba tayirod, wata gaɓa a wuya mai samar da homon, abin da gajiya wallahi. Ibuprofen da diclofenac ma sai dai ka haƙura da su in ba likita ya ce ba, suna ɗaga shi. Sannan ga ƙishirwa da yawan fitsari saboda yana hana ƙoda jin umarnin homon ɗin da ke sa ta tattala ruwa, ga 'yar rawar hannu.

Akwai wasu magungunan baifola, valproate da lamotrigine, su ta ƙofofin sodiyam na jijiyoyi suke bi su rage ɓarin wutar ƙwaƙwalwa, amma valproate yana da babban haɗari ga ɗan tayi, lamotrigine kuma ya fi ƙarfi wajen tare damuwa fiye da maniya. Litiyam shi ne wanda bincike ya fi nuna yana rage yunƙurin kashe kai, sai dai yanke shi farat ɗaya yana dawo da ciwon da sauri, don haka ba abin da mutum zai fara ko ya bari da kansa ba ne.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan fitsarin dare ne ya cinye shi.