Yadda filayen jirgin nan suke yi da yaran da ba sa jure hayaniya

Yaya barka da warhaka, ya yara ya mai gidan. Kin ce in duba miki yadda za a yi da Abba in Allah ya kawo ku, tunda shi ƙara da haske mai yawa da cunkoso su ne matsalarsa, to ga abin da na gani da wanda na bincika, ki yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Abu na farko a nan Ingila shi ne wani zaren rataya kore mai hoton furen sunflower a jiki, irin wanda ma'aikata suke rataya katin aiki da shi. A filin jirgin Gatwick aka fara shi a 2016, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa har jirgin ƙasa da manyan kantuna sun san shi. Kyauta ne a teburin masu taimaka wa fasinjoji, kuma ba wanda zai ce ki kawo takardar asibiti, kawai ki ce kina so. Ma'anarsa wannan mutumin yana da larurar da ido ba ya gani, galahanga (autism) ce ko ciwon mantuwa ko rashin ji, a bi shi a hankali. Amma fa kar wani ya ruɗe ki, ba tikitin tsallake layi ba ne, mutane da yawa haka suke ɗauka su zo suna faɗa da ma'aikata. Abin da yake jawowa shi ne ma'aikaci ya sassauta murya, ya yi bayani kafin ya taɓa yaro, ya ba ku lokaci.

Ni a ganina wurin bincike nan ne gidan wuya. Na tsaya bayan wata mata da yaronta ɗan kamar shekara bakwai, kunnensa da hedifon irin mai toshe ƙara, yana rungume da wata 'yar tsana duk ta koɗe, aka ce sai an saka ta cikin faranti ta bi ta na'ura. Yaron ya ƙanƙame ta ya fara jijjiga jikinsa. Ma'aikaciyar da ta hango zaren a wuyansa sai ta durƙusa daidai tsayinsa ta nuna masa inda 'yar tsanar za ta shiga da inda za ta fito, ta ce uwar ta fara wucewa ta tsaya can inda zai gan ta, shikenan wlh ko kuka bai yi ba. Ba na'ura ba ce ta yi wannan aikin Yaya, horon da aka ba matar ne. A wani filin kuma da ba zan kira suna ba na ga mai irin zaren an daka masa tsawa ya matsa gaba, ko kallon wuyansa ba a yi ba, kin ga kenan sa'ar wanda kuka tarar ma tana ciki.

Sai ɗakin natsuwa. Filin jirgin Shannon na ƙasar Ireland ne ya fara buɗewa a Turai a 2017, Gatwick ma akwai a ɓangaren North Terminal. Ɗaki ne mai haske a dushe, katifu masu taushi, da wani dogon bututun ruwa da kumfa ke tashi a ciki yana canja kala, yaran suna son shi sosai. Matsalar dai sai kin wuce bincike kafin ki kai gare shi, wato bayan an gama shan wahalar, kuma sai an kama gurbi tun kafin ranar, in jirginku ta wani ɓangaren zai tashi ma sai haƙuri. Shi ya sa ban cika ɗora rai a kan ɗakunan nan ba duk da su ake ta ɗauka a hoto.

Amurkawa kuwa sun fi kashe kuɗi a gini. Ɗakin natsuwa na filin jirgin Pittsburgh da aka buɗe a 2019 har da cikin jirgi suka haɗa a ɗakin, kujeru da wurin saka jaka na sama, yaro ya zauna ya ɗaura bel ya saba tun kafin na gaske. Suna kuma da TSA Cares, wato shirin taimako na hukumar da ke binciken fasinjoji a can, ki kira su awa 72 kafin tafiya su haɗa ki da wanda zai raka ku wurin bincike. A Turai da nan Ingila awa 48 ne, ta hannun kamfanin jirgin ake faɗa, kuma doka ce taimakon kyauta ne ba a karɓar ko sisi.

In za ku yada zango, ki duba Dubai, a 2022 suka samu shaidar filin da aka horar da ma'aikatansa kan galahanga, kuma sun rage yawan sanarwa a lasifika, amma girman wurin kansa gajiya ne, kar ki ɗauki tikiti mai gajeren zango ku zo kuna gudu da yaro.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, kantunan turaren nan da ake tilasta mutum ya ratsa bayan bincike, ƙamshi da fitilu da kiɗa duk a haɗe, ni kaina kaina yana sarawa balle Abba. Ki tambayi ma'aikaci ko akwai hanyar gefe, wasu filayen suna da ita. Banɗaki ma ki kula da injin busar da hannu, ihunsa ba kaɗan ba ne, ku shiga na masu larura in da hali.

Ki sa ranar siyan tikiti a rubuta musu larurar tasa a jikin booking ɗin, ki zaɓa masa kujerar taga nesa da wurin da suke haɗa abinci, hedifon ɗin kuma a fara saba masa da shi tun yanzu. Zaren sai kun iso za ku karɓa, amma in kina so tun daga tasowa ya rataya ki faɗa min in ba mai zuwa ya kawo miki. A gaishe min da kowa.