Irin gida, ingantaccen iri da mai alamar F1: wanne ya dace da lambun tsakar gida?

Hajiya, kin ce kin matse 'ya'yan wani tumatir mai kyau da kika sayo a kasuwa, kika shanya, kika shuka a buhuna, amma abin da ya fito bai yi kama da uwarsa ba, kuma mai shagon iri yana nuna miki fakiti biyu, ɗaya da arha, ɗaya mai alamar F1 da tsada. Ina kyautata zaton tumatirin da kika matse ɗin ɗan F1 ne, wato ɗan auren iri biyu, kuma nan ne bakin zaren.

Irin gida shi ne wanda aka gada hannu da hannu, kamar na rama, yakuwa, lalo, alayyafo da kuɓewar damina. Ya saba da ƙasarmu da zafinmu, ba ya neman taki mai yawa, kuma duk shekara za ki iya ware masa mafi kyau ki adana. Aibinsa shi ne rashin daidaito, domin a fangali guda za ki ga wani ya yi tsawo, wani ya tsugune, wani ya riga 'yan'uwansa fure. Ga mai kai kaya kasuwa wannan matsala ce, amma ga mai tsinkar na miya kullum, ni ban ɗauke shi aibi ba, tunda nuna a rarrabe ta fi amfanar tukunya.

Ingantaccen iri na sake shukawa yana tsakiya. Masu bincike ne suka tace shi har halayensa suka zauna, kamar tumatir Roma VF da UC82B, ko kuɓewa Clemson Spineless. Albasar Galmi ta jihar Tawa a Nijar ma daga gonakin manoma ta fito kafin a tace ta ta shiga fakiti. Wannan rukuni yana haifar kamarsa, da sharaɗin kada ya gauraya da wani. Tumatir da wuya ya gauraya saboda furensa kansa yake yi wa barbara, amma kabewa da barkono ƙudan zuma na haɗa su da na maƙwabta, shi ya sa wani lokaci tattasai kan fito da yajin da ba a san shi da shi ba.

F1 kuwa ɗan fari ne na auren iri biyu da kamfani ya zaɓa ya haɗa. Wannan zuriya ta farko tana fitowa kai ɗaya, da ƙarfi da yawan 'ya'ya, amma idan aka sake shuka 'ya'yanta sai halayen kakanni su rarrabu a cikinsu, wani ya ɗauko ƙanƙanta, wani ya ɗauko ruwa-ruwa, kamar yadda kika gani a buhunanki. Don haka duk kaka sai an sayi sabo. Kada kuma a ruɗa shi da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kamar waken SAMPEA 20-T da Najeriya ta amince da shi a 2019. F1 barbara ce kawai da aka yi da hannu.

Inda F1 ya ciri tuta shi ne tumatirin damina. Roma da UC82B 'yan rani ne, suna son sanyin hunturu, kuma idan ruwa ya sauka ciwon da ke sa shuka ta yanƙwane tana kore yakan kwantar da su. Irin su Padma F1 da Cobra F1 an yi su ne don jure wannan. Sai dai ba su da maganin tsutsar nan da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, kuma idan aka gaza musu da taki da ruwa, ba za su mayar da kuɗinsu ba. Tsadar ma tana raguwa idan aka yi lissafi, domin giram ɗaya na irin tumatir ya kai ƙwaya 300, alhali buhunanki ba su wuce ashirin ba. Ke da wasu masu lambu uku ku haɗa kuɗi ku raba fakiti guda.

Da ni ce ke, ganyen miya da kuɓewa zan bar su a irin gida, tumatirin rani in shuka Roma, na damina in sayi F1. Kabeji da karas saye ya zama dole, tunda da wuya su yi iri a zafinmu.

Kafin ki biya, duba ranar da aka ɗura fakitin da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, kuma ki guji wanda ya sha rana a kan tebur. Idan kin isa gida, naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa, ki riƙa yayyafa masa ruwa har mako guda. In takwas suka fitar da farar saiwa, iri ne mai rai. Irin albasa ba ya wuce shekara da ƙarfinsa, na tumatir kuwa yakan kai huɗu a busasshiyar kwalba mai murfi. Wanda kika ga an rina shi ja ko shuɗi magani ne a jikinsa, sai a nesanta shi da yara da kaji, a kuma wanke hannu bayan shuka.