Wata shida ina zuwa zaman mata masu ciwon damuwa

Bayan haihuwata ta biyu na kusa shekara barci ya ƙaurace mini, kuka kuwa ba dalili. An yi ruƙiya, na sha rubutu, surukata ta ce ƙarancin tawakkali ne. Likitar da ke duba ni a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ce ta haɗa ni da wani zama da mata ke yi duk Asabar ɗin ƙarshen wata, a falon wata baiwar Allah. Kyauta ne.

Abin da ya riƙe ni shi ne mai jagorantar zaman ba likita ba ce, ita ma mai fama da ciwon ce. Ranar farko ta zaro kwalin maganinta daga jaka, ta ajiye kusa da gorar kunun aya, ta ce, "Ƙanwata, ga nawa. Ba sai kin yi magana yau ba." Sai a zama na uku bakina ya buɗe, kuma ba wadda ta tare ni da "ki yi haƙuri".

Anti, wato mai jagorantar zaman, ta ce Hauwa Ojeifo ce ta ba ta ƙarfin gwiwar buɗe ƙofarta. Hauwa ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016, bayan likitoci sun gano tana da ciwon da ke jefa mutum tsakanin tsananin ƙunci da tsananin zumuɗi. A 2020 ta tsaya gaban 'yan Majalisar Tarayya ta yi magana da bakin mai ciwon, a kan ƙudurin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wanda ya maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Sunan tsohuwar dokar kaɗai ya isa ya sa mutum ya ɓoye ciwonsa.

Lokacin da na ji sauƙi na so in ajiye magani, matan zaman ne suka hana ni, suka ce in koma wurin likita tukuna.

Inda nake da ƙorafi: sau ɗaya a wata ya yi kaɗan, kuma hira ta cika zamewa zuwa Turanci. Wata 'yar Rigasa ta zo sau biyu, ta zauna shiru a bakin ƙofa, ba ta sake dawowa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Na karɓi lambarta wurin Anti, Asabar mai zuwa zan biya in ɗauko ta.